Ruwan Hanza

Ranar Alhamis ce, a farkon daminar 2003, makonni kaɗan bayan gobara ta cinye Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu. A lokacin ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, ranar Alhamis, don haka da hantsi na fito daga gidanmu na Zango ɗauke da bokiti a kai, na rufe bakinsa da tsohon zane. Ruwan da ke ciki kore-kore ne, mai kumfa, yana warin ɗanyen ganyen da ya kwana a rufe. Inna ta hana a zuba shi a rariyar gida, don kada ya bi kwata ya wuce ta ƙofar maƙwabta, sai dai in kai shi bayan wani kango a ƙarshen lungunmu. Na tsuguna ina tuttule shi a hankali ke nan, sai na ji an tsaya a bayana. Hajara ce, matar wani direban babbar mota, 'yan Nijar da ke haya a ɗaki ɗaya kusa da masallaci. Ta dubi ruwan yana bin ƙasa, ta shaƙi iska, ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Ki gaida Innarki," ta wuce. Na ɗauki bokitina na koma gida.

Gidanmu tsohon gida ne a Zango. Fataucin goro ya kawo kakan Baba, shi kuma Baba atamfa da shadda yake sayarwa a kasuwa. Mun taso mun tarar mu ake kawo wa baƙo, daga tukunyarmu ake zuba wa wanda ya sauka bai san kowa ba. Mutanen Nijar sababbin zuwa a zaurenmu suke fara ajiye jaka kafin su sami ɗaki, mu kuma yaran tsofaffin gidaje muna kwaikwayon maganarsu a bayan idonsu muna dariya. Ita ma Inna daga can take, 'yar Damargu ce, amma ta daɗe a Wagadugu, tana cinikin cefane da harshen Mosi kamar a nan aka haife ta, har unguwa ta manta asalinta.

A bayan ɗakinta ne kawai Damargu ta rage. Akwai wani ɗan fili tsakanin katanga da makewayi, jar ƙasa mai tsakuwa wadda ko ciyawa ba ta so. A nan ta shuka irin da ta ƙullo a bakin zane lokacin da aka kawo ta aure: hanza, da jiga, da aduwa guda, da yaɗiya da ta bi katanga ta lulluɓe ta. Ban taɓa ganin ta ba su ruwa ba. Idan zafin bazara ya sauka, tumatir da barkonon da matan unguwa ke lallaɓawa a tsofaffin kwanoni su yi laushi su mutu, amma ganyen hanza yana nan kore shar, mai kauri kamar fata. Inna takan shafa shi ta ce, "Waɗannan ba sa roƙon kowa ruwa." A inuwarsu muke 'yar carafke da ƙwallon aduwa, a can nake ɓuya da littafina ina kallon ƙadangaru, ina raya wa kaina cewa bayan katangar nan hamada ce, da raƙuma da rijiyoyi masu zurfi. Idan 'ya'yan hanza suka nuna suka yi rawaya, mu tsotse zaƙinsu mai danƙo, Inna kuma ta bi bayanmu tana tsince ƙwallayen. Ta shanya su a kan kwanon rufi, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Kowace shekara haka. Baba yakan tsokane ta ya ce, "Gimbiyar daji, yaushe za a ci wannan dukiya taki?" Ita kuma ta ce, "Allah ya sa kada a ci."

Gobarar ba ta bar wa Baba ko ƙyalle ba. Amma kullum da safe sai ya sa babbar riga, ya shafa turare, ya zauna a zaure yana karɓar masu jaje, yana cewa alhamdu lillahi, shi nasa da sauƙi. A cikin gida nama ne ya fara ɓacewa, sai shinkafa, sai buhun gero ya kwanta a ƙasa kamar an cire masa ƙashi. Wata safiya Inna ta fasa lakar tulun farko. Muka surfa ƙwallayen a turmi har ɓawon ya fashe, muka sheƙe, ta tafasa su, sannan ta jiƙa a babbar roba. Hanza ɗaci ne da ita wanda ba ya fita da gaggawa. Sai an yi kwanaki ana zubar da ruwa ana sake sabo, ana ɗanɗanawa da bakin harshe, kafin ta yarda ta zama abinci. Idan ta dahu, aka sa mata mai da albasa da garin ƙuli-ƙuli, sunanta dilo. Inna ta gaya mana cewa a garinsu ba mai jiƙa hanza da gero a rumbunsa, kuma duk wanda ya taso a can, da jin warin ruwan ya san abin da gida ke ciki. Shi ya sa Baba yake cin nasa a ɗaka, ya kuma hana mu faɗin sunan. "Waken Inna" muke cewa. A lakwal, idan ƙawayena suka ruga wurin mai benga, wato dafaffen wake da shinkafa, sai in zaga bayan aji in cinye nawa daga leda, in goge baki in ce na ƙoshi tun gida. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yana yi mini daɗi.

Ban gaya wa Inna cewa Hajara ta gan ni ba. Ana kiran la'asar, Baba ya shigo tsakar gida yana alwala, sai ga sallamar Hajara. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta janye mayafi, ta ajiye ƙwarya a gaban Inna, cike da gero har ya yi tozo. Na maƙale a bayan randa. Baba ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa bai sani ba. Ko ni da nake yarinya na gane abin da ke gabanmu. Idan aka karɓa, gidan da ke ciyar da baƙi ya ci sadakar 'yar haya, kuma gobe Zango duk ta sani. Idan aka mayar, an ci mutuncin baiwar Allah, ga shi tulu na biyu ya kusa ƙarewa.

Hajara ta dafa cikinta ta ce, "Yaya, roƙo ne ya kawo ni. Tun da na samu cikin nan ba abin da raina ke so sai dilo. Na hana maigidana sakat, har ya ce in ban yi shiru ba zai ɗora ni a kan kaya ya sauke ni a ƙofar uwata. Yau kuwa na ji ƙamshi a lungun nan. Ki taimaka ki musanya mini, in bai kai ba in ƙaro."

Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi Hajara. Can ta ce, "Ƙamshi kika ce? Lallai cikin nan ya lalata miki hanci."

Suka yi dariya su biyu, Inna tana share ido da gefen ɗankwali. Baba ya ajiye butar, ya gyara murya ya ce, "Ki cika mata ƙwaryar, kada yaro ya fito yana jin haushinmu." Ya fita masallaci da sauri, bai ko ƙarasa wanke ƙafa ba.

Duk daminar nan ƙwaryar Hajara tana zuwa da gero, tana komawa da dilo. Daga baya kwaɗayin ya kama wasu matan direbobi, har da wata tsohuwa da ta ce ita na jikarta take karɓa. Wata ta roƙi irin hanza ta shuka a bayan ɗakin hayarta. A waje kuwa ba wanda ya ji komai, Baba ya ci gaba da zama a zaurensa har ya samu ya sake kafa rumfa. Ni dai ina lura da cikin Hajara. Kaka ta yi, sanyi ya wuce, zanenta yana ɗaure inda yake, ba a kuma taɓa kiran mu suna ba. Tun da na gane, sai na kasa haɗa ido da ita. Idan na hango ta a fanfo sai in canza lungu. Ta san abin da muke ci, ta kuma san na san abin da ta yi, wannan ya fi ƙarfin ƙirjin yarinya. Kafin in yi hankalin da zan tsaya in gaishe ta da kyau, aikin mijinta ya mayar da su wani gari.

Yanzu ina zaune a unguwar Zogona, kusa da jami'a. Damina ta zama ba tabbas, kuma ina shiga taruka inda ake haska hoton hanza a bango, ana kiran ta da dogon sunan boko, ana cewa irin waɗannan tsirrai ne za su riƙe mu idan sama ta hana. Na ga dilo a cikin leda mai kyau a kanti. Ni ma na dasa 'yan ƙanana a yankakkun jarkoki a bakin ƙofata, daga tsofaffin itatuwan Inna, kuma idan ɗalibai suka tambaya nakan yi musu bayani da Faransanci ba gargada. Amma idan zancen ya juyo Hausa, na zo kan sunan, har yau muryata sauka take yi. Nakan so in koma lungun nan na da, inda mace za ta ji warin yunwar maƙwabta ta ce ƙamshi ne. Hajara ta rufa mana asiri da cikin da ba ta da shi, ni kuwa ko na gode ban ce mata ba.