Hanyar da Na Ce wa Opa An Rufe

Kakana Harm Dijkhuis, wanda duk muke kira Opa, a cikin jirgin ruwa aka haife shi. Mahaifinsa mai jirgin dako ne, yana ɗaukar yashi da dankali daga arewacin Holand zuwa biranen yamma, iyalinsa kuma na zaune a wani ɗan ɗaki a ƙarshen jirgin. Makaranta sai in sanyi ya daskarar da ruwa jirgi ya tsaya, a jefa Harm ajin garin da suka maƙale, ƙanƙara na narkewa a cire shi. Da manyan motoci suka ƙwace dako aka sayar da jirgin, ya samu aikin buɗe gada a ƙauyenmu da ke kusa da Groningen. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaga wa jirage gada yana sauke ta.

Mutum ne mai barkwanci, amma ba a kan ruwa ba. Mu jikokinsa biyar, kowa na cika shekara huɗu yake ɗora shi a bayan kekensa ya kai shi koyon iyo, ko ana ruwan sama. Ka yi kuka ka gaji, yana tsaye a bakin ruwan, hannu a aljihu.

Da na shiga jami'a karatun haɗa magunguna sai ya daina kirana Marit, na koma Farfesa.

Shekarar da ya cika tamanin da biyu, Mama ta tambaye shi abin da yake so. Ya ce a kai shi birnin Leiden. Mama ta shirya mana tafiya mu uku, Asabar da Lahadi. Na amince da sauri har ta yi mamaki, don ina da jarrabawa ranar Talata. Abin da ba ta sani ba, akwai wani Ruben da ke karatu a can, wata biyu muna hira ta waya.

Ranar Asabar muka shiga kwale-kwalen zagaya gari. Opa ya hana matuƙin sakat.

"Kai yaro, wa ya koya maka shan kwana? Direban tasi?"

Matuƙin ya ce, "Baba, zo ka karɓa mana."

"In na karɓa, gobe ba ka da aiki."

Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa idona na kan waya. Da muka sauka ya ci ɗanyen kifi da albasa har uku a tsaye, Mama na yi masa faɗan gishiri.

Ranar Lahadi Mama ta tashi da ciwon kai. Ta ce za ta kwanta a masauki, ni in fita da Opa, mu haɗu a tasha ƙarfe huɗu. Ruben kuma ya ce ƙarfe biyu, ba shi da wani lokacin sai wannan.

Muka fito, Opa na tura ɗan kekensa na dogarawa, tayoyin na maƙalewa tsakanin duwatsun titi. Kowane taku goma sai ya tsaya ya huta. Wajen ɗaya da rabi ya ce, "Farfesa, kai ni tsohuwar tashar jiragen ruwa, can gabas. Akwai wata ƙaramar gada a wurin."

Na duba waya. Tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai ƙafa, ga Opa kuwa ta kusan awa, ban da dawowa.

Na ce, "Opa, an rufe hanyar. Ana gyara."

"Ranar Lahadi?"

"Tun watan jiya. Ga shi nan a waya."

Ban nuna masa ba, shi ma bai ce in nuna ba. Ya daɗe yana kallon gabas, ga masu keke nan suna ta fitowa daga can. Sannan ya ce, "To. Masu ilimi sun fi mu sani."

Na zaunar da shi a benci bakin ruwa, na sayo masa soyayyen dankali, na ce zan duba wani littafi in dawo. Awa ɗaya da kwata na yi. Ruben ya yi ta ba ni labarin ƙungiyarsu ta tseren kwale-kwale, bai ma tambaye ni da wa na zo ba. Da na dawo na tarar da Opa yadda na bar shi, dankalin ya huce a cinyarsa.

A jirgin ƙasa barci ya ɗauke shi tun kafin mu kai garin Zwolle. Mama ta matso ta rage murya.

"Kun je wurin Ineke?"

"Wace ce Ineke?"

Ta dube ni. "Bai faɗa miki ba?"

A nan ta ba ni labarin. Opa na da ƙanwa. Yana ɗan shekara takwas, ita tana uku, jirginsu na sauke yashi a wannan tashar. 'Ya'yan jirgi ana ɗaura musu igiya a ƙugu a ɗaure ɗaya bakin a jikin ƙarfe, don kada su faɗa ruwa. Ineke ta yi ta kuka igiya na cin ta, Harm ya ji tausayi ya kwance ta. Ya juya kallon wani doki da ke jan amalanke a kan gada, ita kuma ta zame tsakanin jirgi da bango. Ubansu bai dake shi ba, bai kuma taɓa ambaton maganar ba har ya mutu. Daga wannan makon jirginsu bai sake karɓar kayan Leiden ba, Harm ma bai sake taka garin ba sai jiya.

Mama ta ce, "Shekara saba'in da huɗu yana tara ƙarfin zuwa. To kun je?"

Na ce, "An rufe hanyar."

"Kash," in ji ta, ta gyara masa mayafin wuya.

Na ci jarrabawata. Na yi ta cewa zan mayar da shi, sai karatu ya taso, sai sanyi ya shigo. A watan Janairu jini ya tsinke masa a ƙwaƙwalwa. Ya tashi, amma ba duka ba.

A Afrilu na ari motar ƙawata, na ɗauko shi daga gidan kula da tsofaffi, na tura shi a keken marasa lafiya har kan gadar. Ƙarama ce, fara, an jera kekuna a jikinta. Na durƙusa gabansa.

"Opa, ga wurin. Ga tashar."

Ya duba hagu, ya duba dama. "Garin nan da kyau. Ina ne?"

"Leiden ne. Opa, ranar nan ƙarya na yi maka. Ba a rufe hanyar ba. Saurayi na je gani."

Ya yi murmushi irin wanda yake yi wa ma'aikatan jinya. "Saurayi? Madalla, 'yan mata. Yana da aiki?"

Na kira sunan Ineke sau biyu. Ya ce shi dai sanyi yake ji, ko akwai inda ake sayar da kofi. Na kai shi ya sha, ya zubar da rabi a rigarsa.

Ya rasu a watan Oktoba. Bayan mako biyu, muna kwashe kayansa ni da Mama, na faɗa mata gaskiya. Tana riƙe da rigunansa na sanyi, ta ci gaba da ninke su ɗaya bayan ɗaya har ta gama.

Ta ce, "Ni ma da kaina ciwon kan nan bai kai in kwanta ba. Tsoron ganin fuskarsa a wurin nake yi, shi ya sa na tura ki."

Ta miƙo mini kwali ta ce in kai mota.