Maman Queen, Wadda Ta Bi Hanyar Dogon Dawa Sau Biyu

Kafin rana ta leƙo, Martina Benson, wadda duk Birnin Gwari ake kira Maman Queen, ta gama addu'arta, ta sha kokonta. Sai ta duba cajin wayar aiki, ta naɗe ta a leda, ta cusa ƙarƙashin daddawa da kuka a wata tsohuwar jaka. Kada ku yi dariya, jama'a. Wayar nan ita ce aikinta, ita ce kuma abin da zai iya jawo mata ajali.

Bari in warware muku. Gwamnati tana ba nakasassu ɗan tallafi, amma duk wata shida sai an sake tantance mutum: a gan shi ido da ido, a ɗauki hotonsa da na wurin nakasar, a tura. Wanda wa'adi ya cika ba a gan shi ba, sunansa ya fita, kuma kafin a mayar da shi sai an sha wuya. Ƙa'ida ita ce mutum ya kawo kansa ofis. To, makahon da ke bayan daji fa? Gurgun da ko a babur ba ya zaunuwa fa? Waɗannan su Martina take bi har bakin tabarmarsu. Ga shi masu bindigar da ke tare hanya waya suke fara dubawa. In suka ga hotunan mutane da sunayen ƙauyuka, sai su ce mai kai rahoto ne, kuma kowa ya san ƙarshen wannan.

Abin da zan faɗa daminar bara ya faru, dawa ta fi mutum tsayi, ba ka ganin abin da ke gefen hanya sai ya fito. Muttaka ɗan acaba, dattijon da ke goya ta shekara da shekaru, shi ya ba ni labarin.

Akwai Malam Labaran a wata 'yar unguwa bayan Dogon Dawa. Harbin 'yan bindiga ya same shi a ƙugu yana cikin gonarsa, tun daga nan bai ƙara takawa ba. Da tallafin nan matarsa Hajjo take samo masa maganin gyambon kwanciya. Saura kwana uku a rufe tantancewa, Martina ta isa gidan, ta tarar ya sa an saka masa babbar rigarsa ta salla, har da hula.

Ta ce, "A'a, Malam Labaran! Ango na zo ɗauka ne? In mutanen ofis suka ga wannan kwalliya, ai ni za su ba tallafin."

Ya ce, "Haba Maman Queen, hoto ne fa zai je wurin manya. In fito kamar tsumma?"

Da aka zo ɗaukar hoton ƙafarsa da ta shanye, sai ya sunkuyar da kai. Martina ta ajiye wayar a hannun matarsa. Ta nuna wa Hajjo inda ake dannawa, ta fita tsakar gida tana yabon barkonon da aka shanya. Ke ce mai sanin inda kunyar mutum take, Maman Queen, ba kya taka ta.

Babu sabis a unguwar, sai an kusa gari hoto ke turuwa. Suna hanyar dawowa, sai dawa ta motsa. Mutum huɗu, da bindigogi. Muttaka ya ce ƙafarsa ce ta taka birki, shi bai san lokacin ba. Aka zazzage jakar a ƙasa, daddawa ta gangara, ledar ta fito.

Babbansu ya riƙa murza hotunan da babban yatsa. "Ke tsohuwa, su wane ne waɗannan? Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ɗana, duba su da kyau. Makafi ne da guragu. Babu mai iya bin kowa da gudu a cikinsu."

Ya tsaya kan hoton ƙafar Labaran. "Wannan me ya same shi?"

Muttaka ya ce a nan ya fara kalmar shahada, domin gaskiyar ma zargi ce, ƙaryar kuma in an gano ta, shi ke nan. Martina ta dubi hoton. Sannan ta ce, "Gona ya je."

Mutumin ya daɗe yana kallonta. Ya jefa wayar a aljihu, ya ce su ɓace, kada ya ƙara ganin fuskarta a hanyar nan.

Ta iso gida ba takalmi ɗaya, ta kasa ko shan ruwa. Babu wanda zai zarge ta in ta ce iyakarta ke nan. Amma hoton Labaran ya tafi da wayar, wa'adi kuma saura kwana biyu. Ta roƙi mutanen ofis su ƙara masa lokaci, aka ce ba a hannunsu abin yake ba, na'ura ce take rufewa da kanta.

Washegari, ranar kasuwa, ta karɓi wata wayar a ofis, ta tura ta cikin buhun gishiri, ta shige tsakiyar mata 'yan kasuwa a bayan a-kori-kura. Da suka zo wurin nan, ta rufe ido tana kiran sunan Ubangiji, wata mai goro ta riƙe mata hannu har suka wuce.

Hajjo na ganinta ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Maman Queen, mun ji abin da ya faru. Gara a cire mu da a ce a kanmu aka kashe ki."

Martina ta ce, "To ai na riga na zo. Kuka za ki yi ko za ki ɗaga min labulen haske ya shigo?"

Labaran bai nemi babbar riga ba ranar. Hawaye na bin kuncinsa aka ɗauki hoton, kuma hoton nan shi ya shiga, ana saura yini ɗaya a rufe. Sunansa yana nan har yau.

Maman Queen, ba mu ce ba kya tsoro ba. Mun ga yadda kike firgita har yanzu in babur ya yi ƙara a bayanki. Da tsoron kika tafi, shi ya sa muke jinjina miki. Mun gode. Allah Ya kiyaye ki kamar yadda kika kiyaye sunayen bayinSa.

Ƙarshen watan nan take ajiye aiki, gwiwa ta gaza. Ku manya masu tsara ƙa'ida, ku dubi wanda ba ya iya tashi, ku sassauta. Ku kuma masu sauran ƙarfi a ofishin, ba a ce ku jefa kanku a wuta ba, amma ku haɗa kai ku nemo yadda za a kai ga mutanen nan. Jiya Hajjo ta aiko tana tambaya wa zai zo musu a zagaye na gaba. Har yanzu ban san abin da zan ce wa ɗan aiken ba.