Hadarin da Baffa bai bari ya wuce ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Attahiru, kuma har yau in na ce "rasuwa" sai bakina ya yi ɗaci. Rasuwa ta mai zazzaɓi ce. Shi tura shi aka yi.

Sojan ruwa ne. Da ya shiga, abokan ɗinkina a kasuwar Bodinga har da riƙe ciki don dariya: ɗan ƙauye daga gefen Horo Birni, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce masa gwiwa ba! Can bakin teku aka zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa hasashen yanayi saboda jirage marasa matuƙa. Aikinsa ya faɗa wa masu sarrafa jirgin ƙarfin iska da nisan gajimare daga ƙasa, su san ko jirgin zai tashi, in ya tashi kuma ko zai ga abin da ke ƙasa. Bai taɓa harba komai ba. Sama kawai yake karantawa.

Horon ya bi masa jiki. Da ya zo hutu farkon daminar waccan shekarar, kullum da safe sai ya fita bayan gida, ya ɗebi ƙasa ya sake ta ya ga inda iska ta nufa, sannan ya tsaya yana kallon sama. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa yankin, kowa na barci da ido ɗaya. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari, wai ɗan gidan Baffa Ummaru yana kira wa 'yan bindiga jirgin yaƙi. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gida tun da Baba ya rasu. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji masu magana. Baffa ya shigo da tsoron gida, ya fitar da kunyar.

Ina kan keken ɗinki Attahiru ya kira ni, ya ce Baffa ya ce ya bar gari yau. "Yaya, ba na ƙin tafiya. Amma hadari ya sauko, yau babu jirgin da zai tashi, 'yan bindigar ma sun sani. Irin ranar nan suke fitowa hanya. Gobe gari zai washe." Na ce ya ba Baffa wayar. Na roƙe shi don Allah, don Annabi, don kabarin ɗan'uwansa, kwana ɗaya tak. Ya ce, "Wanga yaro zai ja muna wuta. Shi tahi yanzu, can ya ƙarasa duban nashi."

Attahiru ya hau babur. Bai kai kwaltar Shagari ba, suka tare shi. Naka shi ke ba da kai.

Mutanen da suka tsaya masa salla ba su cika sahu ɗaya ba, kowa na gudun a gan shi. Bayan la'asar ruwa ya sauko. Washegari gari ya washe tas kamar yadda ya ce, maƙwabta suka saɓa sungumi suka wuce ta gaban tabarmar makokinmu zuwa shuka.

Da Attahiru zai leƙo yau, ban san ko dariya zai yi ba. Waɗanda suka ce yana kiran jirgi su ne ke kasa kunne ga rediyo su ji hasashen damina kafin su taɓa iri. In jirgi ya gifta su yi hamdala. Na ji da kunnena wani cikinsu yana faɗa wa baƙo, "Ai ɗanmu ma ya yi wannan karatun." Ɗanku? Kai, duniya!

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari ɗan abin da ya koya mini ne muna zaune a bakin shago: in iskar kudu ba ta zauna ba, ruwan fari na ƙarya ne, kada a ba shi iri. Baffa ya san na iya. Yanzu ido ya yi masa yana, ba ya ganin gabas balle hadari.

Bana, da aka yi ruwan fari, na je ƙauye gaida Inna. Baffa ya laluba ya kama hannuna. "Ɗana, kai da ka san abin ga, in shuka?"

Na ɗebi ƙasa na sake ta. Iska ba ta zauna ba, ko kusa.

Na ce, "Baffa, Allah ne masani."

Ya zuba irin geronsa duka. Geron ya tsiro kore shar, sannan sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Inna ta ce in ji tsoron Allah, tsoho ne. Ina ji, Inna. Attahiru kwana ɗaya ya roƙa.