Kwandon da Ya Falmata Ta Kafa a Gure

Shekara tara ke nan da muka raka yayata Falmata makwancinta a nan Gure. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yau, domin ni mai walda ne, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe a kan alƙalami. Abin da ya zaunar da ni rubutu wani abu ne da na gani a watan jiya cikin wayar hannu, muna zaune a ƙofar shagona bayan la'asar. Gasar ƙasashe ce ta wani wasa da ake kira korfbal, ana yin ta a wata ƙasa ta bakin teku. Ƙasashe biyu ne suka kara, kowace da tutarta da takenta, kuma matar da ke tsakiyar fili da usur a baki tana yi musu alƙalanci 'yar garin nan ce. Ramatu ce, 'yar Alhaji Isuhu mai atamfa, ɗalibar yayata.

Na san yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunan wasan ba. Mu ma a Gure ba mu cika kiransa da sunansa ba, kwandon Madam muke cewa. Ɗan'uwan ƙwallon kwando ne, sai dai nasa kwandon a saman doguwar sanda yake, babu allo a bayansa, ana jefawa ta kowane gefe. Kowane ɓangare mutum takwas ne, maza huɗu, mata huɗu. Ba a gudu da balo, wato ƙwallon, a hannu, ba a buga shi ƙasa ana tafiya. In ya zo hannunka, ko ka jefa kwando ko ka miƙa wa wani. Namiji ke tsaron namiji, mace ke tsaron mace, kuma ba a taɓa jikin juna.

Ya Falmata malamar wasanni ce a kolej, lokacin ni ma ina ɗalibi a can. A gida Ya Falmata nake ce mata, a makaranta kuwa Madam, kuma ba ta taɓa yi mini sassauci don muna cin tuwo a kwano ɗaya ba. A wancan lokaci in an fito wasanni, maza su nufi filin balo, mata su taru a gindin dogon yaro suna gadin takalman maza har a buga ƙararrawa. Wannan zama yana cin ranta. Ta gwada musu gudu, ta gwada tsalle, su yi kaɗan su koma inuwa, domin sun san filin ba nasu ba ne.

Sai aka tura ta Yamai ƙarin horo. A can wani baƙon mai horarwa ya nuna musu wannan wasa na 'yan kwanaki. Abokan aikinta suka ɗauke shi abin dariya, ita kuwa ta dawo da balo ɗaya a cikin jakar kayanta. Ina tuna ta tana kwance kayan a tsakar gida, ko ruwa ba ta sha ba, tana ce wa mahaifiyarmu, "Inna, na samo wasan da ba ya yiwuwa sai da mata. In babu su, maza ma sai dai su zauna."

Mu ne muka sauka kwari muka saro dogayen itatuwa biyu, muka kafa su a bayan azuzuwa. Kwandunan kuwa wata tsohuwa mai saƙar kaba ta yi mana su. Da yayata ta ce mata a saƙa su babu gindi, tsohuwar ta ajiye kabar ta dube ta.

"'Yata, kwando babu gindi, me za ki zuba a ciki?"

"Iya, abin da zan zuba so nake ya faɗo ƙasa," in ji ta.

Ba a daɗe da farawa ba magana ta cika kasuwa: Madam ta haɗa samari da 'yan mata suna guje-guje a fili ɗaya. Direktan makarantar mutumin kirki ne, amma ya gaya mata a fili cewa in iyaye suka kai ƙara, ba wasan kaɗai za a tsayar ba, ita ma ana iya ɗauke ta daga garin. Inna ta daina zuwa biki saboda tambayoyin mata. Ana cikin haka Alhaji Isuhu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara, ya zo gidanmu da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, mahaifinmu ya kira yayata ta durƙusa ta gaishe shi.

"Madam," in ji shi, "mu karatu muka kawo 'ya'yanmu, ba cuɗanya ba."

"Gaskiyarka, Alhaji. Ni ma ba cuɗanya nake nema ba. Ina roƙon ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da ranka bai kwanta da shi ba, da hannuna zan tumɓuke sandunan."

Ba ta yi musu da shi ba, kuma ba ta ce masa ai haka ake yi a wasu ƙasashe ba. Abin da ta yi shi ne ta rushe ɓangarorin da ta kafa tun farko ta sake su. Kowace yarinya ta sa ta a ɓangare ɗaya da wanta ko ƙanenta ko ɗan kawunta. 'Yan mata suka fito da dogon wando da doguwar riga, kai a rufe. Ramatu ta faɗa ɓangaren wanta Sani, wanda shi ne gwanin balon makaranta a lokacin, ni kuma aka ba ni tsaronsa.

Ranar da Alhaji ya zo, tare da dattawa ya zo, aka jera musu kujeru a inuwa, fuskokinsu babu fara'a. Sani ya so ya burge mahaifinsa. Duk lokacin da balo ya zo hannunsa sai ya zabura da gudu, Madam ta busa usur ta karɓe. In ya tsaya zai jefa, ga ni a gabansa hannuna a sama, doka kuma ta hana shi jifa in an tsare shi haka. Ramatu kuwa ta iya zillewa mai tsaronta, sai ka gan ta ita kaɗai a gindin sanda tana ɗaga hannu, shi ko ya ƙi ya dube ta. Muka yi ta cin su. Can sai muka ji murya daga inuwa, Alhaji ya miƙe tsaye da carbi a hannu.

"Kai Sani, ba ka ga ƙanwarka ba ne?"

Sai dattawan suka fashe da dariya. Sani ya miƙa mata balo a fusace, ta ɗaga kai ta jefa, ya shige kwando ya faɗo. Da aka tashi Alhaji ya ce wa yayata, "Ban ce na so ba, amma ban ga abin hanawa ba. A riƙa tashi kafin magariba."

Ba zan ce daga ranar kowa ya yarda ba. Akwai iyayen da suka janye 'ya'yansu, ba su kuma mayar da su ba. Akwai wata Hajara da ta fi kowa hannu, har ta fi Ramatu, mahaifinta ya ce a'a. Ya Falmata ta yi ta zuwa gidansu har ta gane zuwan nata kunya yake jawo wa yarinyar, sannan ta haƙura. Ban taɓa jin ta zagi mutumin ba. Cewa take yi 'yarsa ce, shi zai amsa tambaya a kanta. Amma har ta rasu, in an jefa wata ƙwallo mai kyau daga nesa, sai ta ce irin jifar Hajara ke nan.

Wasan ya yi shekaru yana tafiya. Ta koya wa wani malami a Gidigir, har muka shiga bayan babbar mota muka je muka kara da yaransa, suka ci mu, ta dawo tana murna kamar mu muka ci. A hanyar dawowa ne ta ce mana wata rana ƙasashe za su taru kan wannan wasa, a kira sunan tamu a cikinsu. Muka yi dariya. Ba mu taɓa ganin ana yin wasan a wani wuri ba, ko a tele, har wasunmu suna raɗa cewa rabin dokokin ita ta ƙirƙira su.

Rashin lafiyarta ba ta yi tsawo ba. Ta fara da damina, kafin a gama girbin hatsi Allah ya yi mata cikawa. Wanda ya gaje ta mutumin balon ƙafa ne, bai san kan wasan ba, ban kuma ga laifinsa ba. Gara ta cinye sandunan, rairayi ya haye gefen filin, kowa ya kama neman abincinsa. Shekarun nan, in na bi ta bayan makarantar, kawar da kai nake yi. Na ɗauka abin ya tafi tare da ita.

Ramatu ce ta nuna mini ba haka ba ne. Karatu ya kai ta wata ƙasa ta kudu, a can ta tarar da 'yan jami'a suna wasan a ɗaki mai rufi. Ta kira ni a waya, ta ce, "Yaya Mamman, ashe da gaske ne. Dokokin nan duk yadda Madam ta koya mana suke, ko ɗaya ba ta ƙara ba." Ta yi wasa har gwiwa ta hana ta, sai ta koma koyon alƙalanci, tana hawa mataki-mataki har aka kira ta wannan gasa.

Tun ranar da muka kalli wasan nake tambayar kaina, da Ya Falmata tana zaune da mu a kan bencin nan, me za ta ce? Na san filin zai ba ta mamaki, daɓe mai sheƙi, kwanduna na roba ruwan ɗorawa, da agogon da ke ƙirga wa 'yan wasa lokacin jifa. Na san za ta matso da wayar kusa da idonta tana duban ƙafafunsu, domin kullum cewa take a ƙafa ake cin wasan nan. Za ta yi alfahari da Ramatu, amma ba za ta faɗa ba sai an watse. Kuma na tabbata kafin a tafi hutun rabin lokaci za ta juyo ta tambaye mu ina namu. Gaskiya ce, ƙasarmu ba ta cikin masu karawa. Tutocin da aka jera a bangon ɗakin wasan babu tamu. Ba zan ɓoye wannan don in daɗaɗa labari ba.

Alhaji Isuhu ma yana wurin, ya tsufa, sai da muka riƙe masa wayar daf da fuska. Yana ta kallo har lokacin da wani ƙaton ɗan wasa, da ya fi Ramatu tsawo nesa, ya taho mata yana gardamar hukunci. Ba ta ja da baya ba, ta nuna masa wurin da ya yi laifi, ta ɗaga hannu wasa ya ci gaba. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Wannan tsayuwar ba a gidana ta koya ba."

Idan na auna abin da yayata ta bari, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar gida ba, ba ta bar kofin gasa ba, babu ɗakin da aka sa wa sunanta. Amma a garin nan akwai mata da yawa, yanzu iyayen 'ya'ya, da suka san daɗin gudu a fili ana kiran sunansu, kuma su ne yau suke kawo 'ya'yansu mata da kansu. Akwai maza irina da tun muna samari muka koyi neman mace da ido a cikin fili don mu miƙa mata balo, muka kuma ga cewa in ba mu miƙa ba mu ne a ƙasa. Ta nuna mana ana iya kawo sabon abu gari ba tare da an raina iyaye ba, in mutum zai iya durƙusawa a zaure ya yi bayani, ya kuma jure a ce masa a'a.

Sani yanzu shi ne malamin wasanni a kolej ɗin. Bara ya zo shagona da awo, na yi masa sanduna na ƙarfe, yara sun koma fili. Ramatu ta yi alkawarin in ta zo hutu za ta horar da malamai. Ba na shakka za a kira sunan ƙasarmu a irin wannan gasa, ko muna raye ko ba ma nan, kuma in aka kira, za a samu 'yan Gure a layi.

Shekaranjiya Sani ya sake zuwa. Ya ce wani malami a Bune yana son farawa, amma iyaye sun ce sai an zo an yi musu bayani, kuma shi yana ganin babu wanda ya dace ya je sai ƙanen Madam. Na ce masa ni ban iya magana a gaban dattawa ba. Ya ce ba jawabi ake nema ba, in je in faɗa musu abin da na gani. Na kashe injin walda, na goge hannuna, na ce ya gaya musu ina tafe ranar kasuwa.

Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya haskaka kabarinta.