Saƙonni Tara da Baba Irimiya Ya Bari a Kwamfuta

Ni Zikrullahi nake, keke mai ƙafa uku nake tuƙawa a Minna. Da ƙyar na gama firamare, amma ƙanwata Rukayat, kai jama'a, ita Allah ya ba wa kan! Ko fasinja bai tambaye ni ba, in mun zo wucewa ta Tunga sai na nuna masa shagonta na ce, ka ga mai gyaran kwamfutar can? Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya.

Tun muna Bida take ɓalle rediyon Baba tana shan duka. Da muka dawo Minna ta yi shekara huɗu wurin wani mai gyara, sannan ta buɗe nata. Aikin da aka fi saninta da shi shi ne manhajar imel, wannan da ake sakawa a cikin babbar kwamfutar tebur, saƙo ya riƙa shiga yana fita. Tana da wata ɗabi'a: duk injin da aka kawo mata, sai ta zare wayar intanet kafin ta kunna. Na taɓa yi mata tsiya a kai, ta ce, "Yaya, ba ka san abin da mutum ya bari a bakin ƙofa ba."

Wata Laraba da hantsi na ɗauko wata dattijuwa, Mama Rose daga Garatu, da kwamfuta a cikin buhun doya. Ta mijinta ce, Baba Irimiya, wanda ya rasu shekara guda da ta wuce. Tana so a goge komai, ta bai wa ƙungiyar manoma. Na kai ta wurin Rukayat, na zauna shan ruwa.

Injin ya ƙi sanin rana. Shekarar da ya nuna ma ko Rukayat ba ta fara tafiya ba a lokacin. Ta sauya wani ɗan batiri kamar kwabo, ta hure ƙura, ta buɗe manhajar. Sai na ga ta juyo wajen dattijuwar.

"Mama, wace ce Hadassah?"

Mama Rose ta gyara zama. "'Yata ce. Tana Legas."

Nan ta ba mu labari. Hadassah ta bar karatun aikin gona ta tafi koyon ɗinki, uban ya yi fushi, suka yi kaca-kaca. Daga baya kunnensa ya mutu, waya ba ta yi masa amfani, sai rubutu. Ya riƙa cewa ya rubuta mata, ta yi banza da shi. Ita kuma a waya tana cewa, "Mama, ki daina kare shi, ni ke rubutawa, ba ya amsawa." Mama Rose ba ta iya karatu ba, ta rasa wane ne mai ƙarya a cikinsu. Ranar jana'iza Hadassah ta zo da safe, ta juya da yamma. Tun daga ranar ba ta sake taka Garatu ba, ta ce gidan wanda ya mutu yana fushi da ita ba wurin kwananta ba ne.

Rukayat ta nuna mana wani ɗan maɓalli a sama. Ta ce in an danna shi, manhajar tana rufe ƙofa, ba shiga ba fita, amma rubutu yana yiwuwa kamar kullum.

"Wayyo," in ji Mama Rose. "Silas maƙwabcinmu ne ya nuna masa, wai don kada data ta riƙa ƙarewa."

Saƙo tara ne a akwatin fita, duk zuwa ga Hadassah. Ko ɗaya bai tafi ba. Na ƙarshen kwana shida kafin rasuwarsa.

Wallahi abin ya ba ni tsoro. Rana tsaka, babura na ta ƙara a waje, amma ji nake kamar akwai mutum na huɗu tsaye a bayan kujerar yana jira.

"Aika mata," in ji Mama Rose.

Rukayat ta ce, "Mama, da sunansa za su shiga wayarta fa. Ki kira ta tukuna, kada zuciyarta ta buga."

Ta kira. Muna jin muryar Hadassah: "Mama, ina da aiki. In maganar Baba ce, don Allah ki bar ni." Ta kashe. Aka sake kira, ba ta ɗauka ba.

Na ce, "Rukayat, ki rubuta mata bayani da kanki mana."

"Ba ta san ni ba, Yaya. 'Yar damfara za ta ɗauke ni."

Mama Rose ta miƙe. "'Yata, nuna min inda ake dannawa. Shi ya rubuta, ni zan kai."

Rukayat ta duba lambar sirrin tana nan a ajiye, ta gyara hanyar fitar saƙo, ta jona wayar. Ta kama yatsan Mama Rose ta ɗora. Lambar da ke jikin akwatin ta fara sauka. Tara, takwas, bakwai. Haka har ta ƙare.

Sai injin ya fara ƙara, ƙilin, ƙilin, ƙilin. Saƙonnin Hadassah ne da suka daɗe suna jira a waje, suna shigowa. Goma sha bakwai. Rukayat ba ta buɗe ko ɗaya ba, amma kanunsu a fili suke, Mama Rose ta ce a karanta mata. "Baba, na samu shago." "Baba, ka yi shiru." "Baba, ko kalma ɗaya." Huɗu daga ciki bayan an binne shi ta rubuta su.

Muna zaune, sai ƙilin, wani ya shigo. Na yau, na wannan mintin. Kalma ɗaya ce a kansa: "Baba?"

Na tashi na fita waje. Ina tsaye jikin kekena na ji wayar Mama Rose ta yi ƙara. Ban ji abin da Hadassah ta ce ba, kuka kawai. Mama Rose na ta maimaitawa, "Shi ne. Shi ya rubuta. Ba ƙarya ya yi ba, ke ma ba ki yi ba."

Ba a goge kwamfutar ba. Ranar Asabar ni na ɗauko Hadassah daga tasha zuwa Garatu, har da babban akwati. A hanya wayarta kawai take karantawa, ta kai ƙarshe ta koma farko. Da muka isa ta tsaya a ƙofar gidan ta daɗe, sannan ta cire takalmi ta shiga. Mama Rose ta leƙo ta ce min, "Ɗana, koma abinka, kwana za ta yi."