Kaset ɗin Malama

Mai gyaran rediyo bai san ta ba, amma ƙurar alli a hannun rigarta ta gaya masa aikinta. Tana tsaye, rungume da tsohuwar rakoda kamar jinjiri. Yana kunnawa, muryar wata tsohuwa na fitowa a dishe, tana ba da labari. Malamar na karkata kai, yatsa a sama, wataƙila yadda take sa 'yan aji su yi tsit.

"Malama, kaset ɗin nan ya gaji. Duk kunnawa tana cin muryar."

"Innata ce, Allah ya ji ƙanta. Da ita nake koya wa yara saurare."

"To, ki adana shi mana."

Tana naɗe wayar rakodar a hankali. "Gobe ina da aji."