Ɗan Gwangwani

Kwanakin baya wasu samari biyu suka yi sallama a gidana da ke Yalwawa, ɗaya da rikoda, ɗaya da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya. Wai kamfanin abincin gwangwani da na yi wa aiki ne ya turo su, yana tattara tarihinsa daga bakin tsofaffin ma'aikata tun ba su ƙare ba. An gaya musu ni ne jaririn farko da aka raina da madarar kamfanin zalla a duk ƙasar nan, saboda haka suna son hotona ina riƙe da gwangwani ina murmushi. Na ba su ruwa, na ba su labarin jakuna da na kanti iya abin da na tuna. Maganar hoto kuwa na ce a kai kasuwa. Suka tafi suna ƙus-ƙus, na san cewa suke rigimar tsufa ce. Ba ita ba ce. Abin da aka gaya musu ne ba daidai ba, kuma ni kaina sai da na isa aure na san haka.

Lokacin da aka haife ni Nasara ba su daɗe da zama ba. Jirgin ƙasa bai jima da isowa Kano ba, kamfanin nan da yanzu ake wa kirari a rediyo kuwa rumfar kwano ce guda ɗaya a bayan tasha. Gyaɗa suke saya da fata, su sayar da gishiri da yadin akoko, a can ƙuryar kanti kuma an jera gwangwanaye na madara da kifi da nama. Mutanenmu ko kallonsu ba sa yi. Naman dai ba a san wanda ya yanka ba, madarar kuwa wa zai sayi nonon da bai ga saniyarsa ba? Turawa ne ke ci, su da akawunansu. Babana yana cikin masu jakunan da ke kai musu gyaɗa daga wajen Aujara, ta Gaya da Wudil, su komo da gishiri.

Babana yana da amini, danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Baffa nake ce masa, matarsa kuma Inna. Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, tare suka sha bulalar malami ɗaya. Shekarar da matansu suka sami ciki kusan lokaci guda, sai suka yi alkawari a gaban liman: in Allah ya ba ɗaya namiji ɗaya mace, za a haɗa su aure. Inna ta riga sauka, ta sami mace. Ni na biyo baya ba da jimawa ba. Mahaifiyata ba ta tashi daga ciwon haihuwa ba, ta yi ta ja har wajen arba'in, nononta yana ƙafewa a kan idon kowa, sannan Allah ya karɓi abarsa.

A ƙauye irin namu abin da ake yi sananne ne: a miƙa maraya ga mai goyo ta haɗa da nata. Mai goyo kuwa a unguwarmu Inna ce kaɗai. To amma duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san hukuncin. Yaran da suka sha nono ɗaya, ko da sau ɗaya ne, sun zama 'yan'uwa, aure ya haramta tsakaninsu har abada. Babana ya ce shi ba zai binne mata ya binne alkawari tare ba. An gwada mini nonon akuya ya ɓata mini ciki, na saniya ma haka. Amma tun mahaifiyata tana kwance ya riga ya yi shirinsa. Ya taɓa ganin matar wani akawu tana ɗura wa jaririnta madarar gwangwani a bakin kanti, don haka a tafiyarsa ta ƙarshe ya bar gishirin, ya cika mangala da gwangwanaye.

Kakata, uwar babana, ita ta raine ni. Da ƙusa take huda gwangwani, ta dama da tafasasshen ruwa, ta ɗura mini da ɗan ƙaramin ludayi. Ta sha ba ni labarin tana dariya.

"Kai, mijin nawa, ai kai ba ɗan mutum ba ne," in ji ta. "Kowa da uwarsa mai ƙafa biyu, kai taka a kan jaki take zuwa."

Gari ya ɗauka. Tun kafin in yi wayo sunana ya ɓace, kowa Ɗan Gwangwani yake ce mini. An yi ta zuwa kallona ana jiran ranar da zan mutu ko in yi fari, ban yi ko ɗaya ba. Babana kuwa jakunansa biyu suka tafi a kan madarar nan, bai taɓa cewa uffan ba. Duk gwangwanin da na shanye sai ya wanke shi, ya zura a igiya ya rataye a zaure. Mata suna roƙo don awon gero, maƙera suna so don fitilar aci-balbal, ya hana. In baƙo ya zo sai ya nuna da sanda ya ce, "Ga shaidata nan. Yaron nan bai taɓa sa bakinsa a nonon wata mace ba bayan uwarsa."

Labari ya kai kunnen Baturen kanti, ya ce a kawo ni. Ina iya tunawa, ban fi a ɗauke ni a kafaɗa ba. Ya ɗora ni a kan kanta, ya sa tafinta ya yi ta shela wa masu jakuna cewa ga abin da madararsu ke yi. Ni dai tsoron gashin hannunsa ne ya ishe ni. Daga nan kasuwa ta fara buɗe musu. Mai kuɗi ya soma zuba madarar a kunu don a gani, masu shayi suka biyo baya, kifin ma da aka tabbatar ba ya bukatar yanka sai ya shiga gidaje. Rumfa ta zama gini. Suka buɗe ƙananan kantuna a garuruwan hakimai, har da Dutse. Da na tasa na gaji jakunan Baba, daga baya aka ba ni tsaron kantin Dutse, don a ganinsu ba su da tallar da ta fi ni.

Yarinyar Baffa ba zan faɗi sunanta ba, jikokinta suna nan da rai. Mun tashi da sanin alkawarin, kuma ba wanda ya matsa mana, don ba a bukata. Ina son ta, ita ma haka. Tsiwa ce da ita kamar me. In na yi mata maganar girma sai ta ce, "Kai Ɗan Gwangwani, ka dai san na girme ka." In ce kwanaki ba girma ba ne. Duk ranar da na taso daga Dutse sai na ƙullo mata dabino a bakin rawani, ta karɓa ta ce ƙanana ne, ta cinye tas.

Inna ce na rasa gane kanta. Ba wanda ya kai ta kula da cikina. In ta yi dambu sai ta ajiye mini, in na yi zazzaɓi ita ce a kaina kafin Kaka. Amma da zarar ta gan ni tsaye da 'yarta a bakin danga sai fuskarta ta canza, ta ƙirƙiro aike. Ta sha yi mini tallar 'yan matan Buji, wai sun fi hankali. Ta sha kai maganar 'yarta wajen Baffa cewa ga wani ɗan kawunta yana so. Na yi ta jin haushinta, na ɗauka raina ni take don ni maraya ne.

Kaka ta rasu ina saurayi. Bayan girbin wata shekara iyayen suka ce lokaci ya yi. Aka tara dattawa a zaurenmu bayan azahar za a sa rana, liman yana nan, goro yana gabansa, gwangwanayen Baba suna reto a bisa kawunansu. Ni ina daga waje a gindin bango kamar yadda ya kamata. Sai na ga Inna ta fito daga gidanta da lulluɓi, ta zo ta durƙusa a ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah gafarta Malam, ina da magana, kuma a gaban kowa zan yi ta."

Baffa ya ce, "Ke, lafiya? Koma ciki mana."

"Maigida, ka yi haƙuri, yau kam ba zan koma ba." Ta juya wajen liman. "Daminar da aka haifi yaran nan, kogin Wudil ya kawo, ya tsare baban yaron nan a ƙetare da jakunansa. Madara ta ƙare a gidan nan. Saura gwangwani ɗaya, da aka huda shi ya kumbura, wari kawai yake. Iya, kakarsa, ta ɗauki ƙwarya ta tafi ruga ko za a dace, maza duk suna gona. Ina jin kukan yaron ta danga tun safe. Can wajen hantsi sai na ji shiru. Wallahi shirun nan ne ya tashe ni. Na shigo na same shi idonsa ya kafe, bakinsa ya bushe, ko motsin kirki ba ya yi. Nonona kuwa yana zuba har ya jiƙa mini zane. Na ɗauke shi na ba shi. Ya sha, Malam, ya sha har ya yi barci. Kullum in Iya ta fita sai in zagayo, har ranar da jakuna suka iso. Iya ta ɗauka rubutun da ka ba ta ne ya yi aiki, ni kuma na bar ta a haka."

Babana ne ya fara magana, muryarsa ba irin tasa ba.

"Shekara nawa kina kallona ina nuna wa mutane waɗannan?"

"Ina kallo," in ji ta. "Na ga abin da ka sayar, na ga abin da ka sha a hanya, bakina ya yi nauyi. Na yi ta roƙon Allah ya sa su tashi ba sa son juna, in huta. Bai karɓa ba. Yanzu kuwa in na yi shiru, ni zan shiga kabari da shi."

Baffa ya ce ai shaidar mace ɗaya ce. Liman ya jinjina kai ya ce haka ne, a hukunce maganar mace ɗaya ba ta isa ta hana ba, amma littafi ya ce an fi so a nisanta. Sannan ya dubi Babana da Baffa ya ce, "Ku kuka san baiwar Allahn nan. Ta taɓa yi muku ƙarya?" Liman ya mayar da goron cikin ganye ya naɗe.

Na so in yi faɗa. Na tashi ina neman wanda zan huce a kansa. Kogi ne zan zaga, ko kamfanin da gwangwaninsa ya kumbura a damina, ko Babana da ya yi iyakar ƙoƙarinsa? Inna kuwa da na dube ta tana kuka a durƙushe, sai na tuna ba don ita ba da babu ma wanda za a sa wa rana. Na koma na zauna.

Washegari Baba ya kwance igiyar nan da hannunsa, ya kira maƙeri ya ce ya kwashe duka. Shekarar nan kowane gida a unguwarmu ya sami fitila. Bai ƙara ɗaga maganar ba har ya bar duniya, amintarsu da Baffa kuma ba ta mutu ba, sai dai hirar ta ragu.

Ni na koma kantin Dutse na ci gaba da jera gwangwanaye. Na ga zuwan motocin lori da suka kashe sana'ar jakuna, na ga yaƙin Turawa da kaya suka yi wuya, na ga an daina kawowa daga ƙetare an gina masana'anta, an canza zanen gwangwanin har ban san iyaka ba. Duk sabon manajan da aka kawo sai an nuna masa ni an maimaita labarin. Ban taɓa gyara musu ba, don ba maganar kanti ba ce. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, matata mutuniyar kirki ce, ba ni da abin cewa a kanta. Amma har yau ba na shan shayi da madara, kuma baƙin cikin abin nan bai taɓa sakina gaba ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne haɗuwarmu ta farko da yarinyar bayan ranar zaure. Ban nemi ganinta ba, ina ɗaure kaya ne zan koma Dutse. A raina ina ta saƙa cewa tunda liman ya ce a hukunce bai hana ba, in ta yarda ni zan tsaya. Sai ga ta ta shigo gidanmu kai tsaye, ba lulluɓi, ba sunkuyar da kai, ita da ta yi shekaru ba ta tako tsakar gidan nan ba saboda kunyar surukai. Idonta ya kumbura. Ta ajiye ƙwaryar fura a gabana, ta zauna a bakin tabarmata kamar yadda 'yar gida take zama.

"Inna ta ce ka sha kafin ka kama hanya," in ji ta. Ta murza bakin zanenta. "Sha mana, ƙanena."

Na ɗauki ludayin na sha.